Askale da Dashen Koso

A ƙasan kwari aka haifi Askale, a gidan da bishiyoyin koso suka yi wa rumfa. Tana da shekara ashirin ta haɗu da Demeke a kasuwa yana sayar da bargon ulu, jininsu ya haɗu. Ranar da aka kai ta gidansa a kan tudun Menz, tun a hanya ta lura itatuwa suna gajarcewa. Koso ne ya fara ƙarewa, saura guntayen itatuwan asta masu ƙananan ganye, su ma suka ƙare. Daga nan sai ciyawa da duwatsu da iska.

"Inna, ina itacen girki?" ta tambayi surukarta.

Tsohuwar ta nuna mata tarin busasshen kashin shanu. "Ga dajinki nan, 'yata."

Askale ta zama 'yar tudu sosai. Ta iya kaɗin ulu, ta iya yankan ciyawar jinka, ta haifi 'ya'ya biyar. Amma duk damina in ta sauka ganin gida, sai ta hauro da dashen koso a fasasshiyar tukunya ta dasa a ƙofar ɗaki. Kaka na yi, raɓa ta daskare, dashen ya ƙone ƙurmus.

"Uwar yara, bana ma za mu yi zaman makokin?" Demeke kan ce. "In gaya wa maƙwabta su kawo gahawa?"

"Kai dai ka ji da tumakinka."

Shekaru suka yi ta tafiya, sanyin ya soma sassautawa. Kwanakin ƙanƙara suka ragu, sha'ir ya nuna a gonakin da a da ba ya kai labari. Ba duka ne ya yi daɗi ba, don idon ruwan bayan gida ya koma ɗigo da rani, mata suka ƙara nisan ɗiba.

Wata rana da yamma tunkiya ta ɓace, Askale ta bi sawunta har wani lungu can sama da gidansu. A nan ta tarar da asta uku sun kai mata ƙugu, a wurin da ta sha yankan ciyawa ba ta taɓa ganin ko tsiron itace ba. Ta zauna tana kallonsu. Ba a cikin rami suka fito ba, inda sanyi ke kwanciya. A gangare suke, wani ƙaton dutse ya tare musu iska. Ta dafa dutsen, ta ji har lokacin da sauran ɗumin rana a jikinsa. Ashe shekara talatin a bakin iska take dasawa.

Ta dawo gida da sauri, ta tarar tunkiyar ta riga ta isowa.

Daminar nan ta dasa koso a gangaren bayan gida, jikin dutse, ta kewaye shi da ginin duwatsu. Kaka ta zo ta wuce, ganye biyu kawai suka ƙone. Demeke ya je ya duba, daga ranar ya daina bi da tumaki ta wajen.

Bishiyar ta wuce Demeke tsawo, ta wuce jinka. Shekarar da ta zubo jajayen furanni, ƙaninta Tilahun ya hauro daga kwari da amya a kafaɗa ya rataya mata. Da aka ɗebi zumar farko, ba ta cika ƙwarya ba, Askale ta bi gida-gida tana ba kowa ya lasa. Ta miƙa wa Demeke tasa.

"Ta kwari ta fi zaƙi," in ji shi, ya sake miƙo hannu.

Yanzu duk mai son dasa itace a tudun sai ya aika a kira Askale. Takan zo da sandarta, ta yi ta kewaya gidan tana dafa duwatsu, tana juya fuska ta ji inda iska ke bugowa. Bara maƙwabciyarta Bizunesh ta nace sai a ƙofar gida za ta dasa koso, don masu wucewa su gani.

"So kike a gani, ko so kike ya rayu?" Askale ta tambaye ta.

"Duka biyun, Yaya."

Bizunesh ta dasa biyu, ɗaya a ƙofa, ɗaya a inda Askale ta soka sanda. Na bayan gidan ya kai gwiwa. Na ƙofar kuwa, Bizunesh ta ce akuya ce ta cinye shi, Askale ta yi dariya ta ce ta yarda.