Wankan Amarcin Bilyana

Duk macen da ta girma a garin Velingrad ta san hannun Ginka, ta kuma san bakinta. Tun tana budurwa take aiki a ɓangaren mata na tsohon gidan wanka, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ta cuɗa bayan malaman makaranta da matan 'yan sanda da tsofaffin da sai an riƙe su suke shiga kwami. Babu irin jikin da ba ta gani ba, kuma babu wadda ta ƙyale. In mai tumbi ce ta tambaye ta yaushe za a sauka, in siririya ce ta ce mata ta riƙe famfo kada ruwa ya tafi da ita. A wurin nan haka ake, wadda ba a tsokana ba ita ce baƙuwa.

Mijinta ya tafi aikin gini a Sifen bai dawo ba, ya bar ta da 'ya ɗaya tilo, Bilyana. Yarinyar ba ta gado bakin uwarta ba ko kaɗan. Ta yi karatu, ta samu aiki a kantin magani, kuma tun da ta girma ta daina zuwa gidan wankan, wai na gida ya ishe ta. Ginka ta ɗauka yanga ce irin ta masu wuni suna kallon jikin wasu a waya. Ba ta taɓa zaunar da ita ta tambaya ba.

Bilyana na da shekara ashirin da shida, Plamen direban motar katako ya nemi aurenta. Nan Ginka ta kafe sai an yi wankan amarya irin na da, wanda dangin ango mata ke raka amarya gidan wanka. Bilyana ta roƙe ta a bar shi, ta ce ƙawayenta a gidan abinci suke yin nasu taron. Ina! Ginka ta ce amaren mutane nawa ta wanke, sai tata ce za a kai coci haka nan?

Ranar aka cika wurin da mata, ga gurasar banitsa mai cuku a faranti, ga kwalbar giyar rakiya tana zagayawa, ana ta waƙa cikin tururi. Amarya dai ta ƙanƙame tawul. Ginka ta zare shi, ta ga 'yarta tana kare jikinta da hannu, sai ta so ta kashe mata kunya da abin da ta iya.

"Ku duba da kyau, dangin ango," in ji ta. "Allah bai yi wa ɗiyata rowa ba. Har ƙasan ma da ƙari aka yi mata."

Aka kwashe da dariya, har da uwar ango. Wallahi babu mugunta a ciki, rabin matan nan haka tasu halittar take. Bilyana ma ta yi murmushi, ta bari aka wanke ta.

Bayan nan Bilyana ta ɗaga bikin, ta ce aiki ya yi mata yawa. Ta tafi Sofiya babban birni, wani asibitin kuɗi da ke tallar kansa a waya, aka yi mata tiyata aka rage gabanta. Ginka ba ta ji a bakin kowa ba, a zaman 'yarta ta gani, yadda take ɗosana gefe ɗaya a kujera tana cije leɓe. Wurin ya warke, ciwon bai tafi ba. Plamen ya rantse shi bai taɓa ganin aibu ba, ya yi ta jira, har ita da kanta ta mayar masa da zobensa. Likitan kuwa ya ce ta dawo a sake aiki na biyu. Tun daga nan bakin Ginka ya mutu, mata suna zuwa a cuɗa su shiru kamar ana wankin kwano.

Wata Litinin, ranar da ake rufe gidan a wanke kwami, Bilyana ta shigo da jakar tafiya, za ta hau motar Sofiya. Ta ce tun da aka yi aikin ta kasa duba kanta. Ta hau bencin dutse ta ce uwarta ta duba mata.

Ginka ta durƙusa ta duba. Abin da ta gani ya sa zuciyarta ta karye, don an ɗebe abin da babu mai mayar da shi, kuma in aka sake taɓawa ba ta san me zai rage ba.

"'Yar nan, kada ki koma. Na rantse miki babu abin da za a taɓa. Da ma can lafiyarki lau, na ga mata dubu, duk haka muke. Ranar wankan nan wasa nake yi."

Bilyana ta sauko a hankali ta gyara siket ɗinta. Babu fushi a fuskarta, abin da ya fi ƙona ran Ginka ke nan.

"Mama, yanzu tausayina kike ji, dole ki ce haka," in ji ta. "Ranar nan ce kika faɗi gaskiya."

Ta sumbaci uwarta a kumatu, ta ɗauki jakarta ta nufi tasha.