Takwarar Sauro

Shekarar da aka fara raba gidan sauro mai magani a unguwarmu ta Tudun Wada, ina ɗan firamare. Lokacin kakarmu Iya tana da ƙarfinta, kuma murhunta shi ne majalisarmu. Da an sallame Isha'i za mu kewaye garwashin da ya rage bayan tuwo, ta jefa ɓawon lemu a ciki don hayaƙinsa ya kori sauro, ta jera mana masara tana gasuwa. Ni take kira maigidanta, wai mijin da bai taɓa kawo cefane ba sai ci.

Ba mu kaɗai ke zuwa ba. 'Ya'yan maƙwabta ma suna shigowa, cikinsu har da Bilki, 'yar autar Hajiya Asabe da katanga ɗaya ta raba mu. Bilki ce mai dariyar majalisar, tun kafin a kai wurin ban dariya ta fara ƙyaƙyatawa. Amma a daminar nan zazzaɓi ya sa ta gaba. Ta warke, ta zo kwana biyu, ta sake kwanciya. Har an taɓa kai ta asibiti tana jijjiga. Na tsorata ƙwarai, don ban taɓa ganin yaro ya rame haka ba.

Kowa ya san dalili, ba mai iya faɗa. Gidajen sauron da aka ba Hajiya Asabe suna ƙasan akwati, ko ledarsu ba a yage ba. Ta ga farare ne sababbi fil, sai ta ajiye su cikin kayan ɗakin babbar 'yarta da za a aurar bayan Sallah. Ita kuwa Hajiya mace ce mai kirki, sai dai ba a yi mata gyara. Ka ce mata gabas, ta nufi yamma ko da ba ta da abin yi a can.

Wani dare Bilki ta samu sauƙi, ta shigo lulluɓe da zane. Iya ta dube ta, ta juya masara, ta ce, "Ga ta nan, ta taso muku daga bakin kududdufi."

Muka ce, "Ta ƙaraso mu ji ta!"

Wai a garin sauro aka shiga tashin hankali. Mata sukan fita neman jini da dare, gari ya waye rabinsu ba su dawo ba. Sarauniyarsu ta aiki 'yar leƙen asiri, ta dawo tana jan ƙafa, ta ce, "Ranki ya daɗe, mutane sun gina wani farin ɗaki. Ƙofofinsa ba su ƙirguwa, amma ba wadda za ki shiga. Kina jin ƙamshin mutum a ciki, ki sauka a bango ki huta, sai ƙafafunki su mutu." Garin ya yi ta raguwa. Aka daina biki, aka daina suna, makaɗansu suka koma zaman banza.

Iya ta rage murya. Sai wata tsohuwar sauro ta ce ta san wani gida. Matar gidan mai ƙaunarsu ce, ta kama farin ɗakin nan ta kulle a akwati, tana jiran biki. Nan da nan aka yi ƙaura zuwa can. Aka ci aka ƙoshi, aka hayayyafa, har jikoki suka riƙa tsallaka katanga suna gaida maƙwabta. Don godiya, duk 'yar da aka haifa a garin sauro, sunan matar nan ake sa mata.

Bilki ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Iya, ya sunan matar?"

"Oho, 'yar nan, tsufa ya cinye mini. Ƙurunƙus, kan sauro ba ya isa miya. Ku tashi ku shige gidajenku."

Washegari da hantsi sai ga Hajiya Asabe, mayafi a kafaɗa, ko sallamar kirki babu. "Iya, ashe takwara ake yi mini a garin sauro ban sani ba?"

Iya tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. "Ni na ambaci suna? Tatsuniyar yara ce, Hajiya. Zauna ki sha koko."

Ba ta zauna ba. Amma da la'asar na hau turmi na leƙa gidanta ta katanga, na ga fararen gidajen sauro an shanya su a inuwar darbejiya suna shan iska. Bilki ta ƙarasa daminar a kan ƙafafunta, kumatunta suka dawo, mu ma da ke wannan gefen katangar muka rage susa.

Sai da na girma na gane Iya ta fahimci abin da ban fahimta ba. Ni na ɗauka gidan sauro mai shi kaɗai yake karewa. Ashe duk sauron da ya sauka a kansa ya mutu, ba zai yi ƙwai ba, ba zai je gidan kowa ba. Idan gidaje suka rataya tare, sauron unguwa ne gaba ɗaya ke raguwa.

Ranar da muka yi zaman makokin Iya, Hajiya Asabe ta kira ni gefe, ta tsufa, tana dogara sanda. Bilki na tsaye bayanta da goyo. Hajiya ta share ido, sannan ta yi dariya.

"Ka san don haushi na rataya su? Sati guda ban gaishe ta ba." Ta waiwaya ta dubi Bilki. "Da kai tsaye ta ce mini in fito da su, wallahi da ban fito da su ba. Kuma da ban san ko yarinyar nan za ta kai Sallah ba."