Wayoyin Jitar A-Hankali

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi, matarka ta kira ni ta ce ka yanke jiki ka faɗi a shagon ɗinkinka, kafin a kai ka asibiti rai ya yi halinsa. Na ce mata ƙarya ne. Ni da bakina! Allah ya yafe mini, amma ranar Lahadi fa tare muka yi kiɗa a coci, har kana yi mini tsiya kan sabon askina.

Shekara goma sha ɗaya ina buga maka ganga. Ni kiɗan rok mai girgiza taga nake so, kai kuwa naka mai sanyi ne, jitarka kamar tana lallashin jariri. In na ɗauki zafi sai ka waigo ka ce, "Ɗan'uwa, a hankali, Ubangiji ba kurma ba ne." Daga nan sunan A-Hankali ya bi ka. Sau nawa na jefar da sanduna na fice, ka biyo ni har gida kana dariya?

Matarka ta roƙi mu yi waƙarka ta Zabura ta ashirin da uku ranar Asabar wajen binne ka. Jiya muka taru gwaji, muka aro mai piyano ya cike gurbinka. Ya ɗauko waƙar yadda take a rubuce. Iyayenmu mata na bencin gaba suka kama, murya ta ƙi kaiwa sama, ta tsinke a tsakiya. Har sau uku. Sai ƙanenka ya buɗe jakar jitarka ya taɓa wayoyin, ya ce duk a sassauce suke, ƙasa da yadda ake ɗaure su. Ashe duk shekarun nan saukar da sautin waƙa ƙasa kake yi don tsofaffin nan su iya bi, ba ka taɓa gaya wa kowa ba. Ni kuwa ina ta ce maka ragon makaɗi. Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ƙanenka ne zai riƙe jitar ranar Asabar, kuma babu mai ƙara wa wayoyin ɗauri.

Ubangiji ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya ba ka hutawa a wurin Almasihu. Ya ta'azantar da matarka, da 'ya'yanka mata biyu, da mahaifiyarka. Ya ba iyayenmu mata numfashin kai waƙar ƙarshe. Ni dai ban san ko zan kai ba.