Layin Alli a Ƙarƙashin Mota

A shekarun da nake direktan lakwal, wato shugaban makaranta, a Madarumfa, an taɓa ɗora mini nauyin kai takardun jarrabawar satifika Maraɗi. Umarnin a bayyane yake: akwatin ya isa kafin la'asar, in ba haka ba a soke takardun, yaranmu su yi asarar shekara. Aka ba ni tsohuwar kat-kat ta hukuma, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, tare da direbanta, wani dattijo mai yawan surutu.

Damina ta soma, amma gulbin da za mu ƙetare yashi ne zalla. Muna tsakiyarsa sai muka ji ƙas daga baya. Injin yana ruri, motar kuwa ko motsi. Direba ya ja sandar da ke sa ƙafafun gaba aiki, nan ma shiru.

Wani tsoho da ke shuka a gaɓa ya ɗaga murya: "Ku 'yan boko! An sha ruwa wajen Katsina tun asuba. Yana tafe, kuma ba ya sallama!"

Na dubi kudu. Akwatin ana iya hawa da shi gaɓa a ka, amma wa zai kai shi Maraɗi a ƙafa kafin la'asar?

Direba, wanda ke kirana Mushe irin na Faransanci, ya ce, "Mushe, ambireyaj ne, kulocin nan, ya ƙone. Sai haƙuri."

Ban ji warin ƙuna ba. Ni ban koyi kanikanci ba, amma malamanmu na dā sun hore mu kada mu yanke hukunci kan abin da ba mu duba ba. Na tuɓe rigata, na ɗauki allin da ba ya rabuwa da aljihuna, na kwanta a yashi, na ja layi a jikin dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya. Na ce wa direba ya sa bitas, wato giya. Layin ya yi ta juyawa, ƙafafun suna tsaye. Ashe ƙarfin yana fitowa, can tsakanin ƙafafun baya ne wani abu ya karye.

Na matsa gaba don in ja layi na biyu. Babu inda zan ja shi. Ƙarfen gaba ba ya nan.

"Malam, ina ƙarfen nan?"

Ya sosa ƙeya. "Na cire shi tun rani, Mushe. Shan esansi gare shi, yana ƙarar mini da mai. Ga shi can ƙarƙashin kujera."

"Kusoshinsa fa?"

"To, su kam Allah ne masani."

Na nuna masa kusoshin ƙarfen baya, wanda ba shi da sauran amfani a gare mu. Muka kwance su, muka ɗaura na gaba, ni na tallafe, shi yana murɗawa. Na ji yashin da ke bayana ya fara sanyi. Ban gaya masa ba.

Da ƙafafun gaba kaɗai motar ta ja kanta, tana nishi, har ta hau gaɓa. Da na waiwaya, jan ruwa mai kumfa ya riga ya cika sawunmu.

Na miƙa akwatin a Maraɗi dab da kiran la'asar, da yashi a gashina. Magatakardan da ya karɓa ya dubi kayana, ya buɗe baki zai yi magana. Na ce masa ya duba hatimin akwatin tukuna.