Ratar da Ka Bari Tsakaninku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Laraba, uku ga wata, aka iske ni a ɗakin famfo da labarin rasuwarka, Maigida. Inji na ta juyawa.

Kai ka koya mini injin nan. Faifan maganaɗisu a gefen inji, faifan jan ƙarfe a gefen famfo, rata a tsakaninsu. Na ce, "Abin da bai taɓa ba, ya zai ja?" Ka yi dariya ka ce maganaɗisun in ya juya, yakan tayar da lantarki mai kewaya cikin jan ƙarfen, shi ke janyo shi ya biyo baya. Sai dai dole na gaba ya ɗan tsere wa na baya, kuma jan ƙarfen ne ke shan zafi. Ranar da famfo ya cije, kai ka fizge hannuna kafin in dafa faifan, kana faɗa kamar za ka cinye ni.

Abin da ke damuna, Maigida, haka ka riƙe babban ɗanka. Kuna aiki ɗaki ɗaya, ba yabo, ba dafa kafaɗa. In na yi magana ka ce, "Bar shi, ba sai an taɓa ba ake ja." Ya biyo ka kuwa, har ya fi mu duka iya saita ratar. Amma zafin da ya sha, babu wanda ya kai hannu ya ji.

Tun da aka binne ka bai leƙo wurin aiki ba, an ce ma barin sana'ar zai yi. Jiya ya tare ni a ƙofar gida, idonsa jawur. "Baffa, tsakaninka da Allah, ya taɓa cewa na iya?"

Na ce kullum kakan faɗi haka, da zarar ya ba da baya. Sai ya ce, "Ni dai bayana kawai ya sani." Kai kuma ba ka nan.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba uwargida da yara haƙurin rashi. Shi kuma ɗan naka, Allah Ya sanyaya masa zuciya, Ya dawo mana da shi.