Kwalbar Inna da Rijiyar Alabar

Da asubar fari muka bar Tamale a bayan babbar mota, ni da wasu fataken goro biyu, da kwalba a jakata. Inna ce ta ba ni. Shekara tara rabonta da Kumasi, ga jiki ya ƙi daɗi, amma ba ta roƙe ni zane ko goro ba, sai ruwan rijiyar da marigayi Baba ya haƙa a gidanmu na unguwar Alabar a can.

A Yeji muka yi zaman jiran fito har rana ta take, kifin sisi ya ƙosar da mu ukun. Daga Atebubu doya ta soma yi mana rakiya, itatuwa suka rufe sama. A gangaren Mampong kuwa, wanda ya makara sallar asuba ma sai da ya yi salati. Ni dai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya taso mini da kewar gida.

Gida yana nan, amma rijiya ta juya. Guga ya fito da ruwa kamar an dama koko, har da ɗan wari. Ashe yayana ne ya gaji da kwanciyar ruwan sama a tsakar gida, ya haƙa rami taku uku daga bakin rijiyar, ya cika shi da duwatsu, wai ruwa ya nutse rijiya ta ƙoshi. Duk abin da ruwa ya wanko daga lungu da turken awaki, can yake tafiya. Bangon ɗakin Inna ma ya sha danshi ya tsage.

Muka kira wani tsoho mai haƙar rijiya daga Aboabo. Ya leƙa, ya dubi yayana ya ce, "Ai da hannunka ka ɗura mata dauɗa. Ruwan ƙasa a nan kusa yake. Rami sai can gangare, nesa da rijiya, nesa da bango."

Muka cike wannan, muka haƙa wani a ƙarshen fili. Na ce wa tsohon, "Baba, yaushe ruwan zai koma garau?"

"Sai rani, in Allah ya so."

Na san jikin Inna ba mai jiran rani ba ne. Da kunya na cika kwalbar a famfon bakin titi.

Na kamo hanyar dawowa Tamale. Abin da na koyo shi ne, kafin ka nuna wa ruwa inda zai shiga, ka tambayi inda zai ɓulla.

Inna ta karɓi kwalbar da hannu biyu, ta yi bisimilla ta kurɓa. Ta daɗe ba ta haɗiye ba. Sannan ta ce, "Sannu da hanya. Me ya sami rijiyar babanku?"