Gayyar da Na Kai Gonar Yayata

Shekaru sun tura, abubuwa da dama sun shige mini, amma safiyar da na kai gayya gonar yayata ba za ta gushe daga zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarar ne aka kawo shirin dashen itatuwa a gonakin ƙauyenmu da ke kusa da Kiyawa, aka kuma naɗa ni shugaban kwamitinsa. Na karɓi dashen darbejiya da na turare, na ja igiya na jera su sahu-sahu a gonata, ina jin babu kamata. Mu kuwa a tarbiyyar da muka taso da ita, manomin ƙwarai shi ne wanda ya yi sassabe har ba a ganin tsiro ko ɗaya kafin saukar ruwa.

Gonar yayata tana jikin tawa. Mijinta ya rasu, ƙarfinta ya ja baya, ga ƙasar rairayi ce, kowace shekara iskar farkon damina sai ta binne mata shuka. 'Ya'yanta sun riga sun yanke shawara cewa muddin wannan daminar ma ba ta yi albarka ba, za su ɗauke ta su mayar da ita Dutse, alhali ba ta da burin da ya wuce ta ƙarasa kwanakinta a ɗakinta. Shekara biyu ke nan ina ganin tohon gawo da kalgo da sabara yana cika gonar. Na ɗauka gazawar tsufa ce. Gaskiyar magana kuma, kunya nake ji kada jami'an gandun daji su zo duba dashe su tarar da gonar 'yar'uwar shugaba kamar saurar da aka daina nomawa. Sai na tara magidanta da addunansu ba tare da na shawarce ta ba, ina ganin zumunci nake yi.

Mun share gefen gabas ke nan sai ga ta tana dogara sanda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi wa kowa sannu da aiki, sannan ta durƙusa gaban wani kututturen gawo tana shafa inda adda ta ci.

Ta ce, "Auta, wa ya aike ka?"

Na ce, "Gyara muka zo yi miki, Yaya. Gobe in kawo miki dashen gwamnati."

Ta ce, "Naka jarirai ne, sai an ba su ruwa a baki. Waɗannan saiwarsu tana ƙasa tun ba a yanke maka cibiya ba. Duba da kyau mana, ko gemun ne ya tare maka gani?"

Mutane suka sunkuyar da kai suna murmushi. Na duba inda ba mu kai ba. Ashe kowane kututture reshe biyu ko uku ta bar masa, miƙaƙƙu, sauran ta datse. Da wuƙar girkinta take wannan aiki, ita kaɗai. Sai na ce a ajiye adduna.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, iskar ta zo kamar yadda ta saba. Gefen da muka share rairayi ya binne shi sarai, amma inda tohon ya tsaya gero ya tsira. Ni da kaina na sake shuka gefen gabas da irina, ban gayyaci kowa ba. Tana zaune a kan iyaka tana kallona, can ta ce, "Sannu, shugaba." Abin da ta girbe a kakar nan ya isa 'ya'yanta suka bar maganar Dutse.

Dashena kuwa, tsakanin ƙishirwa da awaki, kaɗan ne ya kai damina ta biyu. Da jami'an suka zo, gonarta na kai su. Ta ƙara shekaru a ƙauyenmu, a nan kuma aka yi mata sutura, Allah Ya jiƙanta.

Ban raina dashe ba, har yau ina yi. Sai dai tun daga ranar na fahimci cewa ƙasar da muke cewa ta mutu tana riƙe da ranta a ƙarƙashi, kuma kafin mutum ya ɗaga adda don ya taimaki wani, ya kamata ya fara tambayarsa abin da yake reno.